Abin da Ke Kashe Boilar Mama

Kula da tsofaffin iyaye ilimi ne mai zaman kansa, kamar gina gada, kuma duk inda aka ga tsoho yana shan wahala, to 'ya'yansa ne ba su yi tsari ba. Yayana Sang-pil ne ya gano haka. Injiniya ne, akwai gada sukutum a kan kogi da sunansa a jikin allon tagulla, don haka ba wanda ya yi masa musu. Ni adabi na karanta, ina koyarwa a jami'a bisa kwantiragin da ake sabuntawa duk zango, saboda haka a taron iyali aikina fere tuffa.

Da Baba tsarin ya fara. Lokacin da mantuwa ta ci ƙarfinsa har ya koma gaishe mu kamar baƙi, Yaya ya samo masa gado a asibitin tsofaffi da ke bayan garinmu, Jecheon, inda bas ke ajiye mutum a bakin ƙofa. Ya zauna da likita aka tsara abincinsa: gishiri kaɗan, kuma kada a shigo masa da komai daga waje. Daga nan ya juyo kan Mama, wadda ta rage ita kaɗai a gida mai ɗaki uku da falo. Ya kwashe bargunan lantarki, ya ce su ne ke ƙone tsofaffi. Ya sa aka cire tsohuwar boilar ɗumama gida da muka tashi muna jin tarinta, aka kafa sabuwa ta gas, irin wadda ake sarrafawa da waya. Daga ofishinsa a Seoul ya saita ɗumin gidan a digiri ashirin da ɗaya, ya kulle, don kada Mama ta rage saboda tsimi ko ta ƙara saboda kuskure. Ruwan zafi zai bi bututun ƙarƙashin daɓe ya zaga kowane ɗaki daidai wa daida, ma'aunin da ke bangon falo ya ce ya isa, wuta ta tsaya.

"Yanzu ko a Busan nake na san ƙafar Mama da ɗumi," in ji shi.

Sanyi na kankama boilar ta fara mutuwa. Wuta ta ɗauke, wata lamba ta hau ƙyaftawa a bango, saƙo ya faɗo wayar Yaya cewa ruwa ya yi zafi fiye da kima. A kashe a kunna, ta yi kwanaki lafiya lau, sai kuma ta sake.

Mai gyaran, Mista Bang, ƙato ne mai yawan fara'a. Zuwansa na farko ya ce iska ce ta shiga bututu, ya fitar da ita. Na biyu ya canza 'yar na'urar da ke jin zafin ruwa. Na uku ranar Asabar ce, ni da Yaya muna nan. Ya wanke bututun gidan kaf, ruwa ya fito baƙi ƙirin, Yaya ya ɗauki hotonsa da gamsuwar wanda ya kama ɓarawo. Sannan Mista Bang ya durƙusa a kicin ya cusa kai cikin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda kawunan famfon da ke raba ruwa zuwa ɗakuna suke a jere. Duk a buɗe ya same su, kamar kullum.

"Iya, kin tabbata ba kya taɓa waɗannan?" ya tambaya daga cikin kabad.

"Ni da wannan gwiwar? In na durƙusa nan sai dai ka dawo da motar ɗaga kaya."

"To ni dai na rasa. Boilar nan halin surukata gare ta. In ina nan ba ta da laifi, ina ba da baya ta fara."

"Fito ka ci abinci. Surutu ba zai gyara ta ba."

A kan abincin Yaya ya yanke hukunci. Gidan ne ya tsufa, bututu ya lotsa a wani wuri ƙarƙashin siminti, kuma gas ba abin wasa ba ne. Mista Bang zai kawo sabon injin tura ruwa a mako mai zuwa, gwaji na ƙarshe ke nan.

"In ta sake mutuwa, Mama, kin dawo wurinmu. Ɗakin jikarki ba kowa tunda ta tafi jami'a. Hawa na sha tara, ga rana, ga asibiti a ƙasa."

"Baban naku fa?"

"Duk ƙarshen wata zan kawo ki da kaina."

Mama ta ƙara wa Mista Bang shinkafa. Aka ɗora mini zuwa in tsaya a kan aikin injin, tunda hutu ake, kuma a cewar Yaya ko ba hutu ake ba ni ba ni da wani abin yi.

Na zo ana gobe za a yi aikin, saboda maƙwabcina na sama ya zaɓi makon ya fasa bangon banɗakinsa. Da hantsi na iso. Na buɗe ƙofa, na cire takalmi, na taka daɓen falo, sanyi ya ratsa safata ya hau har gwiwa. Ma'aunin bango yana nuna sha uku. Amma daga bayan kicin ina jin boilar tana ruri kamar ana toya tukwane. Sai kuma warin, wanda duk wanda ya tashi a gidanmu ya san shi, kuma ya sha tsokana a makaranta saboda ya kama masa riga.

Mama tana tsaye a kicin cikin tsohuwar rigar sanyin Baba ta aikin jirgin ƙasa, da hula har kunne.

"Ba gobe kika ce ba?"

"Ina kwana, Mama. Ni ma na yi kewarki."

Na wuce ta na tura ƙofar ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, wanda ya taɓa zama nawa kafin buhunan wake su gaje ni. Daɓen ba ya takuwa don zafi. Sai da na yi ta ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya. A kusurwa an tara barguna, kusan duk na gidan, an lulluɓe wani abu kamar mai zazzaɓi. A gefe ga 'yar katifa da matashin Mama.

Na koma kicin na durƙusa na buɗe kabad. Kawunan famfon duk a murɗe suke, sai ɗaya. Ko wanda ya karanta adabi zai iya haɗa sauran. Mama ta toshe ruwan falo da na manyan ɗakuna. Ma'aunin yana falo, yana jin sanyi, yana ta kiran wuta ba ƙaƙƙautawa, kuma wutar gida guda tana tafiya cikin ɗan gajeren bututun ɗaki ɗaya. Ruwan ya dawo bai huce ba, a sake dafa shi, ya sake dawowa, har boilar ta ga za ta ƙone ta kashe kanta. Ranar da mai gyara zai zo kuwa, gwiwar da ba ta durƙuso sai ta durƙusa tun da sassafe.

"Motar ɗaga kayan ce ke tashe ki?" na ce.

"Da ƙofar kabad nake dafawa. Rufe min ɗakin can, kina fitar da zafi."

"Daddawa ce?"

"A'a, zinariya ce. Ashirin da ɗayan yayanki ba ya yin daddawa. Na gwada, waken ya ruɓe ya yi baƙi. Sai daɓe ya yi zafin da hannu ba ya jurewa."

"A nan kike kwana?"

"Ni da wake ba ma faɗa."

"Falon fa? Sha uku, Mama."

"Wa ke zama a falo? Talabijin ba ta jin sanyi."

Muna cikin haka boilar ta yi ƙas, rurin ya tsaya. Gidan ya yi tsit. Mama ta dubi bango inda lambar ta fara ƙyaftawa, sannan ta dubi jakata. Kafin in zaro wayar ta fara ƙara.

"Eun-sil, kina gidan ne? Ta sake mutuwa," in ji Yaya.

"Ina nan. Na gani."

"To magana ta ƙare. Ki fara haɗa mata kaya."

"Yaya, injin bai zo ba tukuna. Kai da kanka ka ce shi ne gwaji na ƙarshe. Za ka rushe gada kafin a gwada ta?"

Yaya mutum ne mai adalci, muddin aka gabatar masa da shi cikin harshen aikinsa.

"To. Amma bayan injin, ko sau ɗaya ne. Gidan da ɗumi dai?"

"Wani wurin har ya yi yawa."

Da na ajiye, Mama ta riga ta shiga ɗakin ta yaye bargunan. Kwando ne shimfiɗe da ƙyalle, da karan shinkafa a soke cikin waken. Ta sa muciya ta ɗago, yauƙi ya biyo ta zare-zare. Ta gyaɗa kai.

"Allah ya so ta nuna kafin shegiyar ta mutu."

"Mama, ana sayar da wannan a kowane kanti."

"Ta kanti an cire mata wari don 'yan gayu irinki."

"To ki yi da yawa lokaci guda ki sa a firiza."

"Na yi. Yana ci, amma ba ya magana."

"Wace magana?"

Ta daka kaɗan a turmi, ta ɗora tukunyar ƙasa, ta yanka awara da albasa da tsohon kimchi, kabejinmu mai tsami da yaji. Da miyar ta tafasa ta juye a kula, ta naɗe kular da tawul, ta sa a leda, ta sake sawa a wata ledar, ta tura can ƙasan jaka ta ɗora kayan saƙa a kai. Na ga masu fasa-ƙwauri a talabijin da ba su kai ta natsuwa ba.

"Sa rigarki," ta ce.

A asibitin akwai wani lungu a ƙarshen baranda, kusa da matakala, mai taga ɗaya da tukunyar fure da ta bushe. Can Mama ta tura Baba a kan keken marasa lafiya. Mai jinyar da ke bakin aiki ta bi jakar da kallo, ta tuna tana da aiki a ɗaya ɓangaren.

Baba ya rame. An yi masa aski irin wanda ake yi wa kowa a wurin. Ya dube ni ya ɗan sunkuyar da kai.

"Sannunku da zuwa. Daga ofishin gunduma ne?"

"Eun-sil ce, Baba."

"Madalla, madalla," ya ce, da ladabin wanda bai ji ba kuma ba ya son ya ɓata wa baƙo rai. Mama ma haka ya gaishe ta.

Ta buɗe tagar kaɗan, ta kwance ledojin, ta murɗe murfin kular. Warin ya cika lungun. Baba yana kallon bango, sai na ga hancinsa ya motsa. Ya juyo a hankali ya leƙa cikin kular, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga kai ya dube ta, fuskarsa ta tattare irin yadda take yi a kan teburin gidanmu.

"Ok-bun, awarar ta yi kaɗan."

"Ci dai, sarkin ƙorafi. Awara ta yi tsada."

"Kullum haka kike cewa."

"Kullum tana tsada."

Shekarata arba'in da tara, ban taɓa jin ya kira sunanta ba. Uwar Sang-pil yake cewa, ko ya yi gyaran murya kawai ta san da ita yake. Iyayenta sun rasu, yayyenta sun rasu, maƙwabta uwar Sang-pil suka sani. In ban da ma'aikacin banki, ban san wani mai rai da ke furta sunan nan ba.

Tana ba shi a baki yana ci. Ya tambaya ko yara sun ci, ta ce sun ci. Ya ce a gaya wa yaron nan ya daina barin keke a bakin ƙofa, ta ce za ta gaya masa. Ya ce gwiwarta fa, ta ce da sauƙi. Ni ina tsaye a jikin matakala riƙe da murfin kula, ba wanda ya tambaye ni daga wane ofishi nake, kuma ban taɓa jin daɗin a manta da ni kamar ranar ba.

Miyar ta ƙare. Ta goge masa baki. Ya koma kallon bango, kuma da muka tashi tafiya ya gode mana da muka ɗauki wahalar zuwa.

A bas na ce mata mu gaya wa Yaya.

"Mu ce masa me?"

"Gaskiya. Ya buɗe miki zafin na 'yan kwanaki duk lokacin da za ki yi. Da ɗan yatsa zai yi shi."

"Shi ya sa hannu a takardar abincin babanku. Kin san gishirin da ke cikin kular nan? Gobe zai kira asibiti, jibi su fara buɗe min jaka a ƙofa. Sannan ya zauna ya tuna cewa uwarsa tana wasa da gas tana yi wa mai gyara ƙarya. Ke in ke ce shi, me za ki ce ya same ni?"

Na san sunan da za a ba abin, mantuwa irin ta Baba, kuma na san asibitin yana da ɓangaren mata.

"Zai yi kuka, Mama, in ya ji abin da na ji yau."

"Zai yi. In ya gama ya share hawaye ya yi abin da ya dace. Yayanki mutumin kirki ne, shi ya sa nake tsoronsa."

"To ki ci gaba, ni zan riƙa tare shi."

"Da me? Yau kin ci sa'a." Ta gyara jakar a cinyarta. "Ina buɗe falon kaɗan, daɓen ya huce, wake ya lalace. Ina rufewa, wata ran boilar ta kai, wata ran ta mutu. Na gwada kowane iri. In ta mutu ina hawa na sha tara, ina ganinsa sau ɗaya a wata. Wa zai yanke masa farce? Su a can sai sun ji masa ciwo."

Bas ya tsaya, wasu 'yan mata suka shigo, suka shaƙi iska, suka koma can baya.

Washegari da safe na ji ta a kicin. Ban fito na taimaka ba, don na san ba za ta so a gani ba. Na ji ƙarar ƙofar kabad da ta dafa, na ji numfashinta, na ji ruwa ya fara gudu a ƙarƙashin falo. Mista Bang ya zo ya sa sabon injin, ya leƙa kabad ya samu komai a buɗe, ya ci shinkafa kwano biyu.

"In wannan bai yi ba, Iya, sai dai mu kira boka."

"Zai yi," in ji Mama.

Ya kuwa yi. Boilar ba ta sake mutuwa ba, don Mama ba ta sake murɗe famfunan ba. Yaya ya rubuta a zauren iyali na waya cewa tun farko injin yake zargi, kuma darasin shi ne a bi matsala mataki-mataki ba tare da son rai ba. Matarsa ta sa hoton tafi. Ni ma na sa.

Ban zauna haka ba, ni ma ina da irin nawa tsarin. Na sayi wata 'yar na'ura mai kama da tukunyar dafa shinkafa, wadda aka ce tana yin daddawa a kan tebur ba tare da ta dami maƙwabta ba. Na kai mata a ɓoye kada Yaya ya sani, tunda abin lantarki ne mai zafi. Mama ta karanta takardar da tabarau, ta jiƙa wake, ta dafa, har karan shinkafa ta soka a ciki. Ta yi yauƙi daidai gwargwado. Warinta kuwa mai ladabi ne, yana tsayawa a bakin ƙofar kicin.

Na raka ta ranar da ta kai. Lungun nan dai, da tagar, da busasshen furen. Ta murɗe murfin ta riƙe kular kusa da fuskarsa, ta daɗe a haka. Ta sa awara da yawa a wannan karon, har ta fi miyar. Baba ya buɗe baki ta ba shi, ya haɗiye, ya sake buɗewa. Bai ce ta yi yawa ba.

Likitan ya riga ya gaya mana cewa ciwon gaba yake yi, kuma abin da aka samu a watan jiya ba lallai a same shi a wannan ba. Mai yiwuwa ko da ta ƙona gidan ƙurmus ta yi daddawar a kan tokarsa, abin da za a samu ke nan. Na fara faɗa mata haka a kan matakala, don in rage mata nauyi.

"Na'urar ce," ta ce. "Ba ta iya ba."

In na'urar ce, to Baba yana nan a ciki, ana dai rasa abin kiransa ne.

Ta koma ta zauna a gabansa, ta ciro abin yanke farce daga jaka, ta ɗauki hannunsa ta ɗora a gwiwarta. Ya bar mata hannun. Tana yi yana kallon kanta da ta sunkuyar, da furfurar da hula ta kwantar. Da ta gama hannu ɗaya ya duba yatsunsa, ya ga aikin ya yi kyau.

"Na gode, malama nas. Kina da hannu mai sauƙi."

"Ba komai, ranka ya daɗe," in ji Mama. "Kawo ɗayan."